Ranar Da Fankar Ta Yi Shiru

Jama'a, kafin ku yanke mini hukunci ku bari in ba ku labarin daga tushe, don Mama har yanzu cewa take ni na jawo wa gidanmu abin kunya. Ni kuwa layi ɗaya tal na rubuta. Shi ma sa ni aka yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da shida. A gida Injiniya ake ce mini, kuma ba don girmamawa ba. Ina aiki a wani kamfani mai raba magunguna ga ƙananan shaguna. Da can mutum biyu ke zama suna kwafe odar masu shago da hannu. Ni da rawar kaina na rubuta wata 'yar manhaja na ɗora a kwamfutar ofis, irin ta ɗauka a jaka. Aikinta ta leƙa akwatin saƙo, in oda ta shigo ta tura wa na'urar buga takarda da ke sito, masu ɗaurin kaya su ɗaura. In babu oda, ta jira.

To jiran nan shi ne masifar.

Odar ba ta wuce arba'in a yini, kowace kuma kafin ƙiftawar ido an gama da ita. Amma daga kunna kwamfutar har kashe ta, fankar cikinta gurnani take kamar injin markaɗe. Akwai wata lamba da ke nuna yawan wahalar da ƙwaƙwalwar kwamfutar ke sha, wadda muke kira furosesa. Tawa kullum ɗari bisa ɗari take, ko da oda ko babu.

Manajanmu kuwa son lambar nan yake kamar 'yar cikinsa. Har ya sa na haɗa masa ita a wayarsa. Sai ya tara ma'aikata ya ɗaga wayar: "Ku duba! Ɗari bisa ɗari! Na'ura ma ta fi ku kishin kamfani." Amma kwamfuta biyu sun riga sun soye a hannuna. Ranar da ya miƙo mini ta uku bai yi dariya ba.

"In wannan ta ƙone, ki haɗo ta da takardar ajiye aiki."

Masu shago ba su san Asabar ba, don haka duk ƙarshen mako da ita nake dawowa gida. A falo nake ajiye ta kan ɗan teburin gilas, don nan kaɗai intanet ke kamawa. Sannu a hankali ta zama 'yar gida. Mama na ajiye kofin shayinta a bayanta kada ya huce. Baba na shanya safarsa a gefe. Sai uwa uba Goggo, yayar Baba, wadda ta zo ganin likitan gwiwa na mako ɗaya, yau wata tara ke nan. Ita ta gano inda iska mai zafi ke fita ta hagu. Ta zauna kan kafet, ta miƙe ƙafa, ta kara gwiwar a wurin, ta lumshe ido.

"Maganin likita bai yi rabin wannan ba. Allah ya yi wa wanda ya ƙera ta albarka."

Saboda ƙarar, duk Asabar magana muke a falo kamar masu kiran juna daga tsallaken titi. Goggo kuma kullum bakinta na motsi a hankali. Mun ɗauka tasbihi take.

Yanzu sai Mai Firji. Shagonsa na bakin babban titi, yana sayar da firji da na'urar sanyaya ɗaki, yana gyara kuma. Wata huɗu da suka wuce firjinmu ya lalace ya zo ya gyara. Tun daga nan firjin nan bai ƙara yin mako guda lafiya ba. Duk Asabar sai ya mutu, duk Asabar sai Mai Firji ya zo da jakar kayan aiki, Mama kuma ta ce, "Injiniya, kai masa ruwa."

"Yaro mai sana'a, mai sanyin hali," in ji Mama. "Sana'ar tasa ma sanyi ce. Me kike jira?"

Ni dai ban ce e ba, ban ce a'a ba. Mutumin da saƙonsa na soyayya shi ne: "Barka da safiya. Yau zafi zai kai talatin da takwas. Ki sha ruwa." Da yamma kuma: "Ya sauka zuwa talatin da ɗaya. Alhamdulillahi." Don Allah ku gaya mini, me mace za ta mayar? Rannan da haushi ya ishe ni na rubuta masa matsalar kwamfutata, har da maganar Manaja. Amsarsa ta zo a take: "Bar mini wannan."

Ranar Alhamis ya turo wani: "Yaya za ta zo ganinku jibi, ƙarfe huɗu."

Da na karanta wa Mama, ludayin hannunta ya faɗi. Yayar nan ita ta raine shi tun rasuwar iyayensu, ko takalmi ba ya saya sai ta gani. An ce 'yan mata uku ta soke. Ta ƙarshen wai saƙon gaisuwa ta tura mata babu aya ko ɗaya.

Asabar tun hantsi gidan ya rikice. Na sa doguwar rigata ruwan ganye mai ƙananan duwatsu a bakin hannu, Mama ta ce na yi kama da labule. Na sauya zuwa ruwan toka, ta ce ta'aziyya za ni? A ƙarshe ta ciro wata ruwan hoda da na tsana, mai tattara a kafaɗa, ta yafa mini farin mayafi, ta fesa mini turare har na yi atishawa uku. Ta canja rigunan kujeru, ta fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Sannan ta tsaya kan kwamfutar, hannu a ƙugu.

"KASHE WANNAN ABAR!"

"MAMA, ODA NA SHIGOWA! MAGANIN MUTANE NE!"

"TO RUFE TA DA ZANE!"

"ZA TA ƘONE!"

Goggo ta buɗe ido ɗaya. "WANDA YA TAƁA TA, NI DA SHI."

Ƙarfe huɗu daidai suka yi sallama. Ko in ce mun ga bakinsu ya motsa. Shi ne a gaba cikin farar riga mai dogon hannu, guga kamar za ta yanka mutum, rungume da wani ɗan ƙaramin firji an ɗaura masa jan kirtani. Bayansa Yayar: doguwa, siririya, tufafi ruwan ƙasa, tabarau mai sarƙa, baƙar jaka a hammata. Fuskar nan babu alamar ta taɓa sanin dariya.

"SANNUNKU DA ZUWA!" in ji Baba.

"NA'AM?"

"NA CE SANNUNKU!"

"LAFIYA LAU, YA JIKIN?"

Aka zauna. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni daga mayafi har yatsun ƙafa, ta gyaɗa kai sau ɗaya kamar mai duba takardar jarrabawa. Mama ta kawo shayi da biskit. Shi kuwa Mai Firji ya dire firjin a gabana yana murmushi har kunne.

"NA CE KI BAR MINI! GA SHI! NA HUDA GEFE DON WAYAR WUTA! KI SA TA CIKI KI RUFE, SHI KE NAN!"

Wallahi da gaske yake. Har ɗan shimfiɗa ya yi mata a ciki da soso. Ban san lokacin da zuciyata ta ɗan motsa ba, duk da na san raɓa za ta kashe kwamfutar kafin magariba. Goggo kuma ta rungume teburin da hannu biyu.

Yayar ta ɗaga yatsa ɗaya. Ƙanen ya koma ya zauna. Ta nuna kwamfutar.

"ME TAKE YI?"

"JIRA TAKE, ANTI!"

"JIRA? DA WANNAN IHUN?"

Ta miƙe, ta jawo kujerar roba, ta zauna gaban teburin, gwiwarta kusa da ta Goggo. Ta ɗora tabarau a hanci.

"BUƊE MINI ABIN DA KIKA RUBUTA."

Na dubi Mai Firji. Ya matso ya yi mini ihu a kunne: "SHEKARA ASHIRIN DA BIYU TANA KOYAR DA KWAMFUTA A KWALEJI!"

"BA KA TAƁA FAƊA MINI BA!"

"NA CE MIKI MALAMA CE!"

Oh ni 'yasu. Na yi shirin a tambaye ni girki, na yi shirin a tambaye ni dangin Baba har kakan kaka. Ban yi shirin wannan ba. Na buɗe mata. Ta karanta ba ta fi minti ɗaya ba, ta ɗora farce kan wasu layuka uku.

"FASSARA MINI NAN DA HAUSA."

"DUBA AKWATI. IN AKWAI ODA, TURA. IN BABU, KOMA KA DUBA."

"YAUSHE ZAI KOMA?"

"NAN TAKE."

"SAU NAWA KE NAN A DAƘIƘA ƊAYA?"

Jama'a, shekara guda ina zargin ƙura, ina zargin zafin gari, ina zargin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

"DUBBAI," na ce.

"TO! KIN ƊAUKI MAI GADI KIN CE YA JIRA BAƘO. MAIMAKON YA ZAUNA, BUƊE ƘOFA YAKE YANA RUFEWA SAU DUBU A DAƘIƘA. BA DOLE YA YI GUMI BA?" Ta ƙara leƙawa. "KUMA ME NAKE GANI? MASU GADIN HAR GUDA HUƊU KIKA KUNNA?"

"DON AIKIN YA YI SAURI, ANTI."

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

"KASHE UKU. ƊAYAN KUMA KI BA SHI BARCI. IN YA DUBA BABU KOMAI, YA KWANTA, SANNAN YA SAKE DUBAWA."

Nan fa falon ya ɗauka. Baba ya gyara zama.

"BARCI? DA RANA TSAKA? A GIDANA? ABIN DA AKE BIYA YA YI AIKI?"

"BARI YA ƊAN RINTSA MANA, MALAM," in ji Mama, don ta faranta wa baƙuwa. "KO MINTI BIYAR NE."

"MINTI BIYAR MAI CIWO NA JIRAN MAGANI?" na ce.

Mai Firji ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. "LIKITOCI SUN CE AWA TAKWAS."

"RUFE MINI BAKI," in ji Yayarsa.

"NI DAI BAN YARDA BA!" Goggo ta buga kafet. "LAFIYARTA ƘALAU! BAƘIN CIKI AKE MINI!" Da ta ga ba mai kula ta, sai ta lumshe ido, bakinta ya koma motsinsa.

"DAƘIƘA BIYU," Yayar ta yanke. "MAI SHAGO BA ZAI JI BAMBANCI BA, KWAMFUTAR KUMA A WURINTA HUTUN SHEKARA NE. WANNAN NA GAGGAWA NE. DAGA BAYA KI SA MATA ƘARARRAWA, TA KWANTA GABA ƊAYA SAI SAƘO YA TASHE TA. RUBUTA."

Na kashe ukun. Na rubuta layin: kalmar barci da Turanci, da lamba biyu a cikin baka. Na sake kunnawa.

Lambar ta faɗo kamar an tunkuɗo ta daga bene. Ɗari. Arba'in. Tara. Biyu. Fankar ta ɗan ci gaba da gurnaninta kamar ba ta yarda ba, sannan ta fara sassautawa, ta koma huci, ta koma numfashi, ta yi tsit.

Ban taɓa sanin agogon bangonmu na ƙara ba sai ranar. Kowa ya yi shiru yana saurare. Kowa ban da mutum ɗaya, wadda kunnenta ya ɗan yi nauyi, idonta kuma a rufe. Muryar Goggo ta fito tar, a natse, kamar mai karanta labarai:

"...shi kuma kai kamar an kife tukunya, kunnuwa kamar hannun kofi. Yayar fuska kamar an aiko ta da sammaci. Tamu ma ba abin yabo ba ce, ruwan zafi sai ta ƙona shi, an dai shafe ta da hoda. Uwar kuma ita ke zare wa firji filogi duk Asabar don yaron ya zo, tana zaton ban gani ba. Shi ko ƙanena, safa ɗaya tun..."

"YAYA!" Baba ya daka tsawa, ya manta an daina ihu. Kofi ya yi tsalle a faranti.

Goggo ta buɗe ido. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi kwamfutar.

"Au. Ta mutu?"

Ashe wata tara ba tasbihi ba ne. Mama ta daskare da butar shayi a hannu, shayin na zuba a faranti ba ta sani ba. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau aka kafa shi. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska ina roƙon ƙasa ta tsage.

Sai na ji wani sauti. Na leƙa ta gefen mayafi. Mai Firji ne, ya kama kunnuwansa biyu yana shafawa, kafaɗunsa na rawa. Can dariyar ta ƙwace masa. Ya yi ta har da hawaye, har ya zamo daga kujera ya dafa ɗan firjinsa.

"Hannun kofi," ya ce yana share ido. "Wallahi Goggo kin fi 'yan ajinmu iya suna." Ya juya wajen Mama, ya rage murya. "Mama, kar ki damu. Tun zuwana na biyu na ga filogin a ƙasa. Nakan mayar da shi, in zauna bayan firjin ina ƙwanƙwasa ƙarfe minti arba'in, don kar a ce na gama da wuri."

Ya faɗi haka, sannan ya dube ni, ya yi saurin sunkuyar da kai.

'Yan uwa, wata huɗu ban taɓa jin muryar mutumin nan ba sai da ihu. Ashe taushi gare ta, mai ɗan kauri a ƙasa. Na ji wani abu ya sauka a ƙirjina ya zauna daram. Minti arba'in a tsugune bayan firji mai lafiya, duk Asabar, saboda kofin ruwa ɗaya.

Goggo ko a jikinta. "To ƙarya na yi? Ni dai gwiwata ta fara sanyi."

"Muna da na'urar ɗumi ma a shago, Goggo," in ji shi. "Gobe zan kawo miki."

"Ka ga ɗan albarka. Kunnen ma in an saba ba laifi."

Yayar ce kaɗai ba ta yi ko murmushi ba. Ta dubi Goggo ta saman tabarau. "Fuskar gado ce, Goggo. Haka ta mahaifinmu take." Ta mayar da ido kan kwamfutar.

Wayata ta yi ƙara. Manaja.

"Lamba ta koma biyu bisa ɗari!!! Ta ƙone? Ki tuna maganata."

Kafin in amsa, oda ta shigo. Muna kallo, cikin daƙiƙa biyu ta wuce sito, lambar ta ɗan ɗaga zuwa bakwai ta dawo. Fankar ko tari ba ta yi ba. Na tura masa hoton, na rubuta: "Lafiyarta ƙalau, Yallaɓai. Aikin na tafiya. Hutawa take tsakanin oda."

"Hutawa? A lokacin aiki?"

Yayar ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta rubuta da yatsa ɗaya, da aya da waƙafi: "Aikin bai ragu ba. Zafin ne ya ragu. Ba za ka sake sayen kwamfuta ba." Ta miƙo mini.

Can Manaja ya amsa: "To madalla. Amma in manyan baƙi za su zo ofis, a mayar da ƙarar."

Na ɗauka an gama. Ina! Yayar ta jawo kwamfutar gabanta ta shiga karanta sauran abin da na rubuta, tun daga layin farko. Minti goma tana abu ɗaya. Shayinta ya huce, don yanzu babu inda za a jingina shi. Wani wurin ta ɗaga gira, wani wurin ta ce "hmm". Sau ɗaya ta ce "a'a", a hankali, kamar wadda ta ga ƙuda a madara. Da ta kai ƙarshe ta rufe, ta ɗauki jakarta.

"Mun gode da karamci. Tashi mu tafi."

Mama ta raka su har ƙofa tana ta jero ban haƙuri, Yayar na cewa "ba komai" irin wanda ke nufin akwai komai. Shi kuma ya waiwayo ya ce mini a hankali, "Firjin ki sa ruwa a ciki." Suka tafi.

Mama ta dawo ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta kan doguwar kujera. "Shi ke nan. Kin kashe fanka kin kashe aure. Da kin bar ta da ihunta, da yanzu asirinmu a rufe."

"Mama, ita ta ce in rubuta."

"Da ta ce ki faɗa rijiya fa?"

Na shige ɗaki, na cire rigar tattarar nan na jefar kan gado. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. Tun daga ayoyin na gane mai shi.

"Assalamu alaikum. Kina da kai, kuma ba ki yi gardama ba da aka nuna miki kuskure. Wannan ya yi mini. Amma na ƙirga kurakurai goma sha ɗaya a aikinki. Ƙanena ba zai auri mai kuskure goma sha ɗaya ba. Ba zan gaya miki inda suke ba. Ki nemo su, ki gyara, ki kawo mini ranar Asabar ta sama."

Na karanta sau uku. Da a ce jiya ne, da dariya zan yi in ce ta riƙe ƙanenta. Amma yau na riga na ji muryarsa.

Na fito falo da gudu na ɗauko kwamfutar, sanyi ƙalau kamar ba ita ba. Na zauna a ƙasa da biro da takarda, na bi layi-layi, ina yi wa kowane kuskure alama. Na gama na ƙirga. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama, na sake ƙirgawa.

Jama'a, goma sha huɗu ne.

Ko dai uku sun wuce ta, in na faɗa na kunyata matar da ta yi shekara ashirin da biyu ba a gyara mata ba. Ko kuma ta gan su sarai, tana jira ta ga ko zan ɓoye.